MiG-17 ba ita ta ci yaƙin ba

Wani marubuci ya ce jiragen yaƙi samfurin MiG-17 da ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia su ne suka ci wa gwamnatin tarayya yaƙin basasa. Haba dai! Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta kawo su a 1967, ta filin jirgin saman Kano ma aka shigo da su, bayan Ingila ta ƙi sayar mana da jiragen yaƙi, kuma matuƙa 'yan Masar ne suka fara tuƙa su. To amma in har sun kai yadda ake zuzuta su, me ya hana su rufe filin jirgin Biyafara da ke Uli? Titin mota ne fa aka mayar filin sauka, jiragen agaji suna ta sauka da dare har zuwa Janairun 1970. Kai kuma mai sharhin da ka kira jiragen Biyafara "kayan wasan yara", ka tuna da ƙananan jiragen MFI-9 guda 5 da von Rosen, wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwidin, ya kawo wa Biyafara a Mayun 1969, har suka lalata jiragen gwamnatin tarayya a ƙasa a Fatakwal. Sojan ƙasa da toshe hanyoyin abinci ne suka ƙare yaƙin nan, ko kuwa marubucin yana da wata hujja?