A daina raina fina-finan kaboyi masu waƙa

Duk lokacin da aka zo hirar tsofaffin fina-finan kaboyi, sunayen da suke fitowa daga bakin mutane ba sa wuce John Wayne da Clint Eastwood, masu ɗaure fuska da saurin zaro bindiga. Da zarar ka ambaci Gene Autry ko Roy Rogers, waɗanda suke rataya jita a kan doki suna rera waƙa, sai a yi maka kallon hadarin kaji, a ce ai wannan na yara ne, wane namiji ne zai tsaya waƙa alhali ɓarayi suna kora masa shanu. Jama'a, ni kam ban yarda da wannan raini ba. A cikin abin da Hollywood ta fitar a shekarun 1930, kaɗan ne suka tsaya wa talakan karkara irin yadda waɗannan ƙananan fina-finai suka tsaya masa, kuma waƙar da ake yi musu dariya a kanta ita ce ƙarfinsu.

Da farko ma, waƙar makiyayi ba masu fim ne suka ƙago ta ba. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas ba su da daraja, a biranen gabas kuwa nama na tsada. Sai aka fara kora su a ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, wadda ta zama zangon shanu daga 1867. Garke guda yakan kai kai dubu biyu zuwa uku, masu kora kuwa ba su fi goma sha wani abu ba, a shafe wata biyu ko uku a hanya. Abin da suka fi tsoro shi ne dare. Tsawa ɗaya, ko motsin wata dabba a cikin ciyawa, ya isa ya firgita shanun su ɓarke da gudu a cikin duhu, su tattake duk wanda suka samu. Saboda haka ake raba gadi: mutum biyu a kan dawakai suna zagaya garken, wannan ta dama wancan ta hagu, kowanne yana rera waƙa a hankali, don shanu su san mutum ne a kusa, shi ma abokin gadi ya san inda ɗan uwansa yake. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da ruga ya san saniya tana gane muryar mai ita. A 1910 wani malami ɗan Teksas, John Lomax, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya buga su a littafi, a lokacin da layin dogo da waya mai ƙaya suka riga suka kashe wannan doguwar korar shanu.

Da fim ya fara magana a ƙarshen shekarun 1920, kamfanoni suka shiga laluben yadda za su haɗa doki da murya. Jarumin kaboyi Ken Maynard ya ɗan taɓa waƙa a fina-finansa. Shi kansa John Wayne ɗin da ake kafa hujja da shi, a 1933 an sa shi ya fito a kaboyi mai waƙa a Riders of Destiny, amma muryar wani aka ɗora masa domin ba mawaƙi ba ne. Abin bai zauna ba sai da Gene Autry ya zo. An haife shi a Teksas a 1907, ya yi aikin buga wayar tangaraho a tashoshin jirgin ƙasa na Oklahoma, inda yake kaɗa jita idan dare ya yi tsawo. Daga nan ya shiga rediyo, ya yi suna a tashar WLS ta Shikago, wadda manoma suke kamawa a daren Asabar. Kafin ya taka Hollywood a 1934, mutanen ƙauye sun riga sun san muryarsa, suna sayen faifansa, har kamfanin Sears yana sayar da jita mai ɗauke da sunansa. Wato da jama'arsa ya zo. A 1935 sabon kamfanin fim na Republic ya sa shi jarumi a fim ɗin Tumbling Tumbleweeds, daga nan ƙofa ta buɗe.

To su wane ne masu kallon? A nan ne maganar take. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, bankuna suka rufe, farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Ana cikin haka fari ya sauka a tsakiyar ƙasar, a Oklahoma da Kansas da arewacin Teksas da maƙwabtansu. Ƙasar da aka nome ciyawarta ta bushe, iska ta riƙa kwashe ta tana tayar da guguwar ƙura mai rufe rana, irin wadda aka yi ranar 14 ga Afrilu 1935. Manomi ya jinginar da gona a banki, damina ta ƙi, banki ya ƙwace. Dubban iyalai suka ɗaure katifu a kan tsofaffin motoci suka nufi Kaliforniya neman aikin tsinkar 'ya'yan itace. Irin waɗannan mutane da 'ya'yansu ne suke biyan 'yan sulallansu ranar Asabar su shiga silimar ƙaramin gari, su kalli fim na kusan awa guda wanda aka ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu da ɗan kuɗi kaɗan.

Idan ka lura da mugun da ke cikin fina-finan Autry, sau da yawa ba ɗan fashi ba ne mai rufe fuska da ƙyalle. Mutum ne mai kwat da ofis: mai banki, ko mai kamfanin ruwa, ko dillalin filaye, ko ɗan siyasar da aka saya. Labarin ma yawanci ba a zamanin da yake faruwa ba, a zamanin masu kallo ne, da motoci da tarho da rediyo. A Public Cowboy No. 1 na 1937, ɓarayin shanu da jirgin sama suke leƙen garke, su sanar da juna ta rediyo, su yanka shanun a nan take su loda naman a manyan motoci masu firiji, kafin mai dukiya ya ɗaura sirdi sun yi nisa. Tsohon ɗan sandan garin kuwa ana shirin ture shi, wai zamani ya wuce shi. Manomin da ya ga tarakta ta kore shi daga gonar haya ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Under Western Stars na 1938. Dalilin yin sa ma rigimar haƙƙi ce: Autry ya ga kamfani na kwasar kuɗi da sunansa shi kuwa albashinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya ƙi zuwa aiki. Shugaban Republic, Herbert Yates, ya ɗauko wani saurayi ɗan Ohio mai suna Leonard Slye, mawaƙi a ƙungiyar Sons of the Pioneers, aka raɗa masa Roy Rogers. A fim ɗin, kamfani ya tare ruwa a madatsa yana tsawwala kuɗi, shanun mutane na mutuwa da ƙishirwa. Jama'a suka zaɓi Roy suka tura shi majalisar tarayya. Can ya tarar ba mai sauraron sabon ɗan majalisa daga ƙauye, sai ya tara manyan a wajen wata liyafa, ya tsaya a gabansu ya rera musu waƙa a kan ƙura, majigi yana haska gonakin da yashi ya binne. Daga baya ya kai su yankin da ƙafafunsu, ƙishirwa ta kama su, guguwa ta rufe su, suka ɗanɗana abin da talakawa suke sha kullum. Waƙar nan sai da ta shiga jerin masu neman kyautar Oscar. Ku gaya mini, fim ɗin yara ne wannan?

Abin da na fi daraja a wurin waɗannan jarumai shi ne bindiga ba ita ce farkon dabararsu ba. Ana faɗa, ana sukuwa, ana harbi, ba na musu. Amma sau da yawa taron da ya fusata yana shirin ɗaukar doka a hannu, da waƙa ake sanyaya shi, garin da tsoro ya raba kansa kuma da waƙa ake haɗa shi. Jarumin ba ya shan giya, ba ya zagi, yana girmama tsoho. Autry ya tsara wa yara masu binsa ƙa'idoji goma na kaboyi, ciki har da cewa ba ya fara harbi, ba ya dukan wanda bai kai shi ƙarfi ba, ba ya saɓa alkawari, yana tausaya wa yara da tsofaffi da dabbobi, ba ya ƙyamar mutum don launinsa ko addininsa. Kaboyin da ya zo daga baya, mai shiru da ramuwar gayya, ya fi burge ido, na sani. Sai dai idan aka ce in zaɓi wanda yaro zai kwaikwaya, ba zan yi dogon tunani ba. Masu kallo na lokacin ma sun yanke hukuncinsu: a 1940 Autry ne na huɗu a jerin taurarin da suka fi jawo kuɗi a silimun Amurka, bayan Mickey Rooney da Spencer Tracy da Clark Gable, duk da cewa manyan silimun birane ba su cika nuna fina-finansa ba. Mu da muka tashi da waƙa a tsakiyar fim, daga na Indiya har namu na Hausa, bai kamata mu ne za mu yi mamakin jarumin da yake faɗin damuwarsa da waƙa ba.

Akwai laifin da ba zan rufe musu ba, domin babba ne. Sun wanke tarihi sun mayar da shi fari fat. Sana'ar kiwo a kan doki, da igiyar zarge da irin sirdin, daga makiyayan Meziko aka gaje ta. Masana tarihi da yawa suna ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu korar shanun nan baƙar fata ne, da yawansu bayi ne da aka 'yanta. A allo kuwa babu su, in ma an gan su to a matsayin bara ko abin dariya. 'Yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filayen kiwon, su ma ba a ba su bakin magana ba. Fim ɗin da yake kuka a kan ƙwace gonar manomi bai tambayi a hannun wa aka karɓi gonar tun farko ba.

Shi ya sa nake jinjina wa Herb Jeffries. Mawaƙi ne ɗan Detroit, yana yawon wasa a kudancin Amurka lokacin wariyar launin fata, ya ga yara baƙaƙe suna cika silimun da aka ware musu suna tafa wa kaboyin da bai yi kama da su ba. Ya nemi mai zuba kuɗi, a 1937 aka yi Harlem on the Prairie, wanda 'yan wasansa baƙar fata ne, shi ne jarumi, da farar malafa da doki da waƙa. Uku suka biyo baya, ciki har da The Bronze Buckaroo na 1939, aka ɗauki wasunsu a wani gandun dawaki na baƙar fata kusa da Victorville a Kaliforniya. Kuɗin ba su da yawa, kana kallo za ka gane, amma muryar Jeffries murya ce da daga baya shahararren makaɗin jazz Duke Ellington ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa. Jeffries ya rasu a 2014 yana da shekara 100.

Zamanin ya kai kusan shekara ashirin. Autry ya tafi yaƙin duniya na biyu a 1942 ya tuƙa jirgin dakon kaya, Rogers ya hau kujerarsa tare da dokinsa Trigger mai ruwan zinariya da farar geza, da jarumar fim Dale Evans wadda ya aura a 1947. Sannan talabijin ya shiga gidaje, ƙananan silimu suka fara rufewa, Autry da Rogers suka koma akwatin da shirye-shiryen rabin awa. Fim ɗin Autry na ƙarshe ya fito a 1953, wani kaboyi mai waƙa, Rex Allen, ya rufe ƙofa a 1954.

Da yawa daga cikin fina-finan suna nan a YouTube, amma wanda zai nema ya duba tsawon mintocin. Lokacin da aka sayar da su ga gidajen talabijin an datse da yawa zuwa wajen minti 54 don a sami gurbin talla, kuma galibi waƙoƙin almakashi ya fara ci. Ku nemi cikakken kwafi, ku fara da Under Western Stars.