Yaƙi ya watsa garke, dattawan ikilisiya su tsare ƙofa

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ba gine-ginen majami'u kaɗai suka lalace ba. Tsarin da ke tantance wanda zai tsaya gaban jama'a ya yi wa'azi shi ma ya rushe. Fasto ya tsallaka Masar, ma'aji yana Fot Sudan, sauran 'yan'uwa sun warwatsu a Gadarif da Kosti da Kasala. Mu Kiristoci masu jin Hausa a ƙasar nan dama 'yan tsiraru ne. Zumuntarmu a yau sau da yawa mutum goma sha ne a kan tabarma, an jingina waya ɗaya da tulu, ana sauraron wa'azin da aka turo ta WhatsApp. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa cewa masu karkata gaskiya za su taso ne daga cikinsu (Ayyukan Manzanni 20:30). Dattawa ya ɗora wa nauyin, kuma har gobe a wuyansu yake.

Sai dai ba duk mai kuskure ne malamin ƙarya ba, kuma a nan zumunta da yawa ke tuntuɓe. Afolos, wani mai wa'azi a littafin Ayyukan Manzanni, ya iya magana, yana da himma, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Biriskila da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa haske, ya karɓa. Siman na Samariya kuwa kuɗi ya miƙa don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa nan take. Matashin da ya cuɗanya ayoyi don bai taɓa shiga makarantar Littafi ba, Afolos ne, a zaunar da shi a koya masa. Korarsa zalunci ne.

Gwaji na farko: me mutumin yake koyarwa game da Almasihu? A tambaye shi dalla-dalla. Yesu Allah ne na gaske, mutum ne kuma na gaske? Ya mutu, ya tashi da jiki? Ceto ta alheri ne, ko akwai abin da za a biya? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a bakin Kogin Nilu. Ariyus firist ne a Iskandariya, mutumin cikin gida, ya koyar cewa akwai lokacin da Ɗan Allah bai kasance ba. Taron shugabannin ikilisiya a Nikiya na shekarar 325 ya ƙi koyarwarsa, aka cika shaidar bangaskiyar a taron Kustantiniya a 381. A kanta masarautun Nuba suka karɓi bishara a ƙarni na 6, har Soba da ke kudu da Khartum. Karanta wannan shaidar bangaskiya bai kai minti biyu ba. A riƙa faɗinta tare kowace Lahadi da Hausa, kuma duk baƙon da zai yi wa'azi a nemi ya amince da ita layi bayan layi kafin a ba shi wuri.

Amma galibin masu ɓarna a yau za su haddace ta tas. Wurin kuɗi asirinsu ke tonuwa. Mai cewa ka "shuka iri" ta manhajar tura kuɗi ta Bankak don takardun tafiyarka su fito, ko mai sayar da kwalbar man shafawa ga matar da ɗanta ya ɓace, cinikin baƙin cikin mutane yake yi. Tsohon rubutun ikilisiya da ake kira Didake ya yanke hukunci tun da daɗewa: manzon da ya nemi kuɗi annabin ƙarya ne, haka wanda ya zauna kwana uku a wuyan masu masauki. Maganin yana da sauƙi. Mutum biyu su ƙirga baiko, a rubuta a littafi, a karanta lissafin duk wata, kada sisi ya shiga asusun mai wa'azi kai tsaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun magani. A ƙasar da kwalara ta yi ta'adi, wanda ya ce wa mai gudawa ya sha ruwan addu'a ya jira, ko mai ciwon sukari ya yar da allurarsa don nuna bangaskiya, yana wasa da rai. Luka likita ne, Bulus kuma bai ji kunyar kiransa haka ba. A yi addu'a, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a garzaya asibiti.

Annabci kuma a rubuta shi da kwanan wata. Idan bai cika ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta ba da amsa: ba Ubangiji ne ya faɗa ba.

To, idan zargi ya taso? Kada a fara da zauren WhatsApp, domin can ne gulma ke gama hukunci kafin a ji ta bakin mutum. A ajiye saƙon muryarsa cikakke, ba guntu ba. Mutum ɗaya ya same shi a keɓe. In ya ƙi ji, a koma da ɗaya ko biyu, sannan maganar ta zo gaban jama'a, kamar yadda Matiyu 18:15-17 ta tsara. Idan dattijo ne ake zargi, sai da shaidu biyu ko uku. Gargaɗi sau biyu, bayan haka a hana shi koyarwa (Titus 3:10), a kuma sanar da zumuntar garin da ya nufa, don yawanci gaba yake yi ya sake shimfiɗa tabarma. Waɗanda suka bi shi kuwa a ziyarce su gida-gida. Yawancinsu yunwa da tsoro ne suka kai su, wasu ma sun sayar da 'yan kunnensu na ƙarshe, saboda haka mai zuwa gaishe su ya riƙe mudun dawa tare da Littafinsa.