Kek ɗin Baban Amir da waƙa ta huɗu

Ni dai hutun ƙarshen mako na je yi gidan Yayata, ban san kallo kyauta zan samu ba. Mijinta kun san irin mutanen nan da in sun kalli bidiyo uku a waya shikenan sun zama malamai, to kwana biyu ya yi yana kallon masu gasa kek har da rubuce-rubuce a bayan ambulan, ranar Asabar da safe sai ga shi a kicin ya ɗaura tawul a ƙugu da sifika a hammata.

Baban Amir: Maman Amir ba ni wuri, yau hutu na ba ki. Ni zan yi kek.

Maman Amir: Ikon Allah. To sifikar fa, ita ma cikin kwaɓin za ta shiga?

Baban Amir: Kin ji matsalarku. Ai kiɗa shi ne kayan haɗi na farko, kafin fulawa ma. A 1993 an yi bincike a wata jami'a a Kalifoniya, aka kunna wa ɗalibai kiɗan Mozat, wani shahararren makaɗin Turai na da, na minti 10, da aka yi musu gwaji sai ga ƙwaƙwalwa ta buɗe.

Ni: Yaya ai ɗalibai aka kunna wa ba fulawa ba. Kuma ka karanta ƙarshen labarin? ko minti 15 abin bai yi ba ya washe.

Baban Amir: Ke Ummi an tambaye ki? Miƙo min rariya.

Amir: Abba ni ne mai ɗanɗanawa ko?

Baban Amir: Kai ne mai kula da sifika, kar ka taɓa komai.

(Amir shekararsa bakwai, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa barin shi da kwanon suga an dawo an samu kwanon yadda yake ba.)

Baban Amir: Yauwa, an ce a fara kunna obin ya yi zafi, digiri 350. Tsaya... Maman Amir wannan obin ɗin naki ai jabu ne, a 250 ya tsaya! Tun yaushe nake cewa an cuce mu.

Maman Amir: Shekara shida ina gashi da shi bai zama jabu ba sai yau. Matar da ka kalla 'yar ina ce?

Baban Amir: 'Yar Amurka mana.

Maman Amir: To ma'auninsu daban, Faranhait suke yi, namu Salshiyas ne. 350 ɗinsu shi ne wajen 180 a nan. Ka kai shi 180 ka bar shi.

Baban Amir: Na sani ai, gwada ki nake yi. Amma bari in kai 220 ya fi sauri.

Maman Amir: Waje ya ƙone ciki ɗanye kenan.

Baban Amir: 200 to, mun raba.

Wai ciniki ake da obin. Ya zuba bota da suga a kwano ya kunna wata waƙa mai zafi, yana bugawa yana bin waƙar har da rufe ido, yana fasa ƙwai yana kaɗa kai, sai can ya tsaya cak.

Baban Amir: Ƙwai nawa na sa?

Maman Amir: Ni da aka ba hutu?

Amir: Abba ɓawo bakwai ne a nan.

Baban Amir: Huɗu aka ce... to ai kowane ƙwai ɓawo biyu yake bayarwa, bakwai kenan uku da rabi.

Amir: A'a Abba, na riga na haɗa su biyu-biyu.

Baban Amir: Kai meye a bakinka?

Amir: Ba komai.

Baban Amir: Ba komai ne yake ƙyalli har haɓa? Ba damuwa, ƙwai ai gina jiki ne. Ina bekin foda?

Maman Amir: Ya ƙare tun shekaranjiya, na faɗa maka ka ce ka ji.

Baban Amir: Ga wani nan, bekin soda. Duk farin gari ne, sunan farkonsu ma ɗaya.

Maman Amir: Kai da maƙwabcinmu ma sunan farkonku ɗaya, shi yake karɓar albashinka? Soda shi kaɗai ba ya aikin kirki sai ya haɗu da abu mai tsami, yogot ko lemon tsami ko binega, a nan ne yake fitar da iskar da ke kumbura kek. Shi foda an riga an haɗa masa tsaminsa a ciki, ruwa da zafi kawai yake jira. Kuma soda ya ninka shi ƙarfi wajen sau uku, in ya yi yawa kek ya koma ɗanɗanon sabulu.

Baban Amir: Ni za ki koya wa tarihin bekin foda? Wani mai haɗa magunguna ne a Barmingam ta Ingila, Alfred Bird, a 1843 ya haɗa shi, saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis, ya ce to sai ta ci burodi ko ta halin ƙaƙa. Kin ga mu maza abin da muke yi saboda mata.

Maman Amir: Allah sarki, mijin wata ya ƙirƙiro mata, nawa sayowa kawai aka ce ya yi ya manta.

Ni dai na juya baya ina wanke kofin da yake a wanke. Ya ɗauko cokali ya dumbuza.

Ni: Yaya wancan fa cokalin cin abinci ne, a ambulan ɗinka cokalin shayi ka rubuta. Wannan mil 15 yake ci, na shayi mil 5.

Baban Amir: Cokali biyu aka ce, wannan ba cokali ba ne?

Kun ga lissafin ko, maimakon foda ya sa soda, maimakon ƙaramin cokali ya sa babba, wato abin da ya zuba zai ishi kek ɗin unguwa guda. Daga nan ya juye fulawa, waƙar ta kai wajen da ganguna suke haukacewa, shi ma ya haukace da maburgi, yana juyawa yana taka rawa tawul na neman kwancewa.

Maman Amir: Baban Amir ya isa haka! Da fulawa ta ɓace a ido ake tsayawa. Yawan juyawa shi ke tayar da danƙon fulawa, burodi ne yake son haka a yi ta murza shi minti goma, kek ba ya so, tauri zai yi.

Baban Amir: Bari amshin nan ya wuce, ba a tsayawa a tsakiyar amshi.

Amshin ya zo sau huɗu. Da ƙyar aka juye kwaɓin a gwangwani aka tura obin.

Maman Amir: Sa agogon waya, minti 35.

Baban Amir: Agogo na 'yan koyo ne. Waƙa ɗaya minti uku da rabi, waƙa goma minti 35 cif. Kin ga ilimi? Amir ka riƙa ƙirga min.

Gaskiya a nan har ni sai da dabarar ta burge ni, don ni ma in ina zane da kiɗa nake gane dare ya yi. Waƙa ta farko ba ta ƙare ba ya buɗe obin.

Maman Amir: Rufe! Duk buɗewa zafi ne ke fita, tsakiyarsa bai kama ba zai faɗa.

Baban Amir: Gaisawa kawai muka yi. Kai ku zo ku ga tashi! Har ya fi gwangwanin tsawo. Wa ya ce soda?

Waƙa ta biyu ya sake leƙawa, ta uku ya buɗe ya matso da sifikar bakin ƙofar wai kek ɗin ya ji sosai. Sai ta huɗu ta shigo, wani kiɗan fiyano mai sanyi babu murya, ya ce yauwa ga mutumina, ya ja kujera ya miƙe ƙafa ya lumshe ido yana kaɗa yatsa sama kamar mai ba da umarni. Yaya ta tafi shanya, ni na shiga waya. Sallamar Anti Talatu ce ta dawo da mu, maƙwabciyarsu, wadda in kika gaya mata magana da safe kafin azahar ta dawo miki da ƙari. Ta shigo da zaren saƙarta a hannu tana shinshine-shinshine.

Anti Talatu: Salamu alaikum, lafiya dai? Na ce ko taya ake ƙonawa a gidan nan.

Baban Amir: Ƙamshin kek ne Anti, hancinki bai saba ba. Amir muna ta nawa?

Amir: Ta huɗu.

Baban Amir: Kin ji, da saura shida.

Anti Talatu: Ta huɗu? Wannan fiyanon tun ina kan hannun riga nake jiyo shi ta katanga, ga shi har na gama hannun na kama wuya. Ni daɗinsa ma na ji wallahi, don in ina saƙa ba na son mai waƙa da baki, ina ƙirga ido mawaƙi na zuba min surutu a kunne sai in tashi da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Irin wannan shiru-shirun shi ne daidai ni. Amma fa ya ƙare ya sake farowa, sau biyu ina ji.

Ni: Yaya kawo wayar... tab. Wannan Mozat ɗin naka shi kaɗai ya haura minti 20. Kuma an danna maimaitawa.

Amir: Ni na ga alamar tana kyau ne.

Maman Amir: Innalillahi, awa guda kenan fa!

Aka buɗe obin hayaƙi ya yi mana sallama. Abin da ya fito gefensa ya yi baƙi ƙirin, tsakiya ya lotsa kamar an zauna a kai, in aka zuba ruwa a ramin tsuntsu zai iya wanka.

Baban Amir: Ku tsaya, kar ku yi saurin magana. Wannan launin sunansa aikin Mayar, wani masani ne Bafaranshe ya bayyana shi a 1912, suga da furotin ne ke haɗuwa a wuta su ba da launi da ƙamshi.

Ni: Nashi ruwan ƙasa ne Yaya, kamar bayan burodi. Wannan ya wuce Mayar ya isa wajen mai gawayi.

Maman Amir: Kawo tsinken sakace a soka a gani, in ya fito a bushe ya gasu.

Anti Talatu: Ya karye. Kawo wani... shi ma ya karye. Ko in ara muku ƙwarashina? A'a bari dai, guda ɗaya gare ni.

Baban Amir: To ai dama ni ban ce lallai kek ba. Biskit ne. Kun san ma'anar kalmar? Asalinta abin da aka gasa sau biyu, matuƙan jirgin ruwa na da shi suke tafiya da shi wata da watanni ba ya lalacewa. Nawa kuwa gashi biyu ya sha a zama ɗaya. Amir zo, ba kai ne mai ɗanɗanawa ba?

Amir: Ai ka ce ni mai kula da sifika ne.

Baban Amir: Na ƙara maka girma.

Da wuƙar burodi da taimakon Anti Talatu aka ɓantaro wani ɗan gefe. Amir ya lasa, ya yi shiru, ya kalli uwarsa.

Amir: Mami irin sabulun da ya shiga bakina ranar nan ne.

Anti Talatu: Bari in je, na bar abu a wuta.

Maman Amir: Anti don Allah a bar maganar nan a nan.

Anti Talatu: Haba, ni da wa zan yi? Ƙwai bakwai kuka ce ko?

Tana fita Baban Amir ya kife gwangwanin a tebur, abin ya faɗo ƙwal, ya ƙwanƙwasa bayansa da yatsa ya kasa kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

Baban Amir: Maman Amir kin ji? Saurara da kyau. Wallahi kiɗan ya shiga.

Amir ya ɗauko cokulan nan biyu, babba da ƙarami, ya hau bugu, kuma tsakani da Allah sautin ya fi na sifikar fita. Uban yana gyaɗa kai yana cewa a hankali kar ka fasa, Yaya ta ce ya kwantar da hankalinsa cokalin ne abin tausayi.

Baban Amir: Sati mai zuwa burodi zan yi, tunda kin ce shi yana son duka. Yis muna da shi?

Maman Amir: Ya ƙare.

Baban Amir: Ba komai, ai akwai sauran soda.