Crazy Mohan: Injiniyan Da Ya Ɗauki Ba Da Dariya A Matsayin Aiki

Idan ana hirar finafinan barkwanci na Indiya, sunan jarumi ne yake fara zuwa baki. Wanda ya zauna ya tsara maganganun da suka sa mutane riƙe ciki kuwa, sunansa kan gifta ne a farkon fim, cikin rubutun da ba mai tsayawa ya karanta. A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya an yi mutum guda da ya fita daga wannan sahu, har jin cewa shi ya rubuta hirar fim kan isa ya ja mutane zuwa sinima. Sunansa na yanka Mohan Rangachari, amma Tamilawa da Crazy Mohan suka san shi. Ya rasu a Chennai ranar 10 ga Yunin 2019 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 66.

Abin da ya sa nake ganin ya cancanci mu san shi, ko da ba ma jin Tamilanci, shi ne ya tabbatar da abin da masu barkwanci da yawa ke musantawa: ana iya sa dubban mutane dariya ba tare da an wulaƙanta kowa ba. Sai dai hakan na da tsada, kuma da zaman rubutu ake biyanta.

An haife shi a 1952 a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai. Ya karanta injiniyancin na'urori a kwalejin Guindy, ɗaya daga cikin makarantun injiniya mafiya daɗewa a Indiya, sannan ya kama aiki a kamfanin Sundaram Clayton mai ƙera kayan mota. Da rana yana masana'anta, da dare yana kan takarda. A 1976 ya rubuta wa ƙungiyar ɗan wasa S. V. Shekher wasan dandali mai suna Crazy Thieves in Palavakkam. Wasan ya karɓu sosai, har kalmar farko ta sunan wasan ta liƙe wa marubucin, ta zama laƙabinsa na har abada. A 1979 ya kafa tasa ƙungiyar, Crazy Creations, ƙaninsa Maadhu Balaji ya zama jarumin wasanninta. Ya rubuta wasanni sama da 30, an nuna su sau dubbai a Indiya da ƙasashen da Tamilawa ke zaune.

Wannan zama da ya yi a dandali shi ne sirrin duk abin da ya biyo baya. A fim, idan magana ba ta ba da dariya ba, sai bayan watanni marubuci zai sani, kuma yana da mutum goma da zai ɗora wa laifi. A dandali kuwa jama'a na zaune gabanka. Ka jefa magana, zaure ya yi tsit, nan take ka samu sakamakonka, gobe kuma dole ka gyara kafin a sake ɗaga labule. Mutumin da ya sha wannan horo shekara da shekaru ya san tsawon numfashin da ya kamata a bari tsakanin tambaya da amsa, ya san kalmar da in aka sa ta a farkon jimla za ta kashe dariyar, in aka kai ta ƙarshe za ta tayar da ita.

Babban darakta K. Balachander ne ya fara jawo shi fim a 1983, lokacin da ya mayar da wani wasansa fim mai suna Poikkal Kudhirai. Amma haɗuwarsa da jarumi Kamal Haasan ce ta kai sunansa kowane gida. Sun fara da Apoorva Sagodharargal a 1989, suka ci gaba har tsawon shekara goma sha biyar, ciki har da Michael Madana Kama Rajan a 1990, Avvai Shanmugi a 1996, Panchathanthiram a 2002 da Vasool Raja MBBS a 2004. Shi kansa yakan fito a finafinan, galibi a ɗan ƙaramin matsayi, ya faɗi jimla uku huɗu da fuskarsa a daure, ya wuce.

Mu ɗan tsaya a kan fim ɗin 1990, domin a nan ake ganin aikinsa ƙarara. 'Yan huɗu ne aka raba tun suna jarirai, Kamal Haasan ya fito a matsayin dukkansu: ɗaya ɗan damfara, ɗaya attajiri, ɗaya mai kashe gobara, ɗaya kuma kuku, wanda ya tashi a gidan Birahamawan (wato zuriyar malaman addinin Hindu) yankin Palakkad da ba sa cin nama ko kifi. Kowannensu da irin Tamilancin da yake yi, ta yadda ko ka rufe ido za ka gane wanda ke magana. A wani wurin biki da kukun ke dafa abinci, sai kifi ya faɗa cikin miyar da za a raba wa baƙi, su kuma duk masu ƙyamar kifi ne. Sunan kifi a Tamilanci ya yi daidai da furucin wata kalmar Turanci da 'yan boko ke yawan jefawa cikin zance. Saboda haka duk lokacin da wani baƙo ya ɗan surka Turanci, sai hantar kukun ta kaɗa, ya ɗauka asirinsa ne ya tonu. Ba a zagi kowa ba, ba a mari kowa ba. Tsoron bawan Allah guda da rashin sanin sauran jama'a aka haɗa, dariya ta fito da kanta.

Haka salonsa yake kusan ko'ina. Wani ya faɗi magana, wani ya ji ta a karkace, amsar da zai bayar ta haifi sabon ruɗani. Ko kuma a yi ƙarya guda don a tsira, sai ta buƙaci ta biyu ta tallafe ta, ta biyun ta buƙaci ta uku. Aiki ne irin na mai ɗinkin hula, zare ɗaya ya kauce zanen duka ya karkace. Masoyansa kan ce finafinansa sai an kalla sau biyu, domin dariyar jimla ɗaya kan danne jimlar da ke bin ta.

A daidai wannan zamani, barkwancin da ya fi tashe a finafinan Tamil shi ne na Goundamani da Senthil, inda ɗaya ke zazzaga wa ɗaya baƙar magana, sau da yawa har da shuri. Mutane sun so shi, kuma ba na raina gwanintarsu. Amma hanya ce mai sauƙin kwaikwayo, duk wanda ya rasa abin faɗa zai iya zagin ƙirar abokin wasansa ya samu tafi. Hanyar Mohan ba ta kwaikwayuwa sai ga wanda ya yarda ya zauna ya rubuta, ya yage, ya sake rubutawa.

Akwai sukar da ake yi masa, kuma ba ta banza ba ce. Duniyar wasanninsa ƙarama ce: gidajen masu matsakaicin hali na Chennai, galibi Birahamawa irin nasa, da rigingimun aure da surukai da ofis. Talakan ƙauye da wanda tsarin fifita asali na Indiya ya danne ba su cika samun wuri a ciki ba. Ga shi kuma ya fito daga ƙasar da barkwanci ke da tarihin faɗa da zalunci. N. S. Krishnan, wanda ya rasu a 1957, ya yi amfani da dariya wajen yaƙar camfi da wariyar asali. Cho Ramaswamy ya kafa mujallar Thuglak a 1970 yana caccakar masu mulki. Mohan bai bi ko ɗaya ba. Na yarda wannan giɓi ne, kuma duk mai son auna girmansa dole ya sa shi a ma'auni. Inda na rabu da masu sukar shi ne cewa da suke yi wai barkwancin da ba ya ɗauke da saƙo ba shi da amfani. Zauren da kaka da jika za su zauna kujera ɗaya su yi dariya tare, ba wanda ya sunkuyar da kai don kunya, shi ma abu ne da al'umma ke buƙata, kuma samar da shi ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Ko a Panchathanthiram, wanda labarinsa na magidanta ne da suka kauce hanya suka afka cikin bala'i, bai nemi dariya da batsa ba.

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun taɓa aikinsa ta gefe ba tare da sun sani ba. Wanda ya kalli Chachi 420 na 1997, inda uba ya yi shigar tsohuwa don ya samu ganin 'yarsa, to Avvai Shanmugi ne aka sake da Hindi, sai da aka nemo marubuci mai girman Gulzar ya rubuta sabuwar hira. Vasool Raja kuma Munna Bhai MBBS ne aka juya zuwa Tamilanci, Mohan ya sake gina barkwancinsa da bakin 'yan unguwar Chennai. Duka biyun sun nuna cewa labari kan tsallaka harshe cikin sauƙi, amma dariya sai an samu marubuci a ɗaya ɓangaren ya sake ƙirƙiro ta. Masu fassara mana finafinan kudancin Indiya zuwa Hausa wannan aikin suke yi kullum, kuma waɗanda suka ƙware a cikinsu marubuta ne ko da ba a kira su da sunan ba. Ya kamata a riƙa bayyana wanda ya tsara maganar a kowane fim, a kuma biya shi a matsayin marubuci.

Gwamnatin Tamil Nadu ta ba Mohan lambar yabo ta masu fasaha, Kalaimamani, a 2004. Duk da sunan da fim ya ba shi, bai bar dandali ba. Har ƙarshen rayuwarsa yana hawa da kansa a wasan Chocolate Krishna, wanda aka nuna sau ɗaruruwa, kuma bayan rasuwarsa Maadhu Balaji ya ci gaba da jan ƙungiyar.