Niyyar da Ba Ta Sauko Cikin Gaɓɓai Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ɗora littafi mai nauyi a tafin hannunka na hagu, ka miƙa hannun gaba. Rufe ido, ka sa wani ya fizge littafin ba sanarwa. Hannun zai yi tsalle sama, ko ka so ko ka ƙi. To mayar da littafin, ka ɗauke shi da kanka da hannun dama. Na hagun ko gezau. Nauyin bai sauya ba, amma a karo na biyu jikinka ya san abin da ka ƙudurta, sai tsokar ta sassauta daidai lokacin da nauyin zai bar ta. Subhanallahi! "Kuma a cikin kawunanku, ashe ba kwa gani?" Haka Allah Ya tambaye mu a Suratuz Zariyat, aya ta 21.

A cikin ƙashin bayanmu akwai laka, wadda jijiyoyi biyu-biyu har kashi 31 suke fita daga cikinta. Idan likita ya ɗan buga 'yar gudumar roba a ƙasan ƙoƙon gwiwarka, ƙafar takan zabura tun kafin ka ankara, domin saƙon a laka yake juyowa, ba ya jiran izinin ƙwaƙwalwa. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, su suka bayyana wannan a 1875. Sai mutum ya ɗauka zaburar kamar tarko take, kullum iri ɗaya. Ashe ba haka ba ne. A 1910 Paul Hoffmann ya samo hanyar auna ƙarfinta da ɗan lantarki, kuma masu binciken da suka biyo baya suka ga abin mamaki: idan mutum zai motsa ƙafa da gangan, tun kafin a ga motsin, zaburar tsokar da za ta yi aikin takan ƙaru, ta kishiyarta kuma, wato tsokar da ke jan ƙafar ta ɗaya ɓangaren, a danne ta don kada ta ja da baya. A 1967 masana a Mosko suka nuna cewa mai tsayuwa, kafin ya ɗaga hannu, tsokar ƙafarsa ce ke fara ɗaurewa don kada ya tangaɗe.

Ka ga ke nan jiki ba ya nufin abu da fatar baki. Da zarar nufin ya tabbata, shiri ya fara a ɓoye, ana ƙarfafa mai taimako, ana kwantar da mai hanawa.

Mu fa? Wallahi wannan ne yake sa ni kunya. Sau nawa na ce gobe in sha Allahu da ni za a yi Asuba a sahun farko, alhali ƙarfe ɗayan dare waya na hannuna? Wani ya ce ya tuba daga giba, amma bai bar zaman da ake cin naman mutane ba. Wata ta ce za ta nemi sulhu da 'yar'uwarta, amma kullum tana bitar laifin a zuci. Ba mu kwantar da kishiyar ba, ta yaya aikin zai tashi? Mun haddace hadisin Sayyidina Umar cewa ayyuka suna tare da niyya, sai muka mayar da niyyar kalma a kan harshe.

Dubi yadda Allah Ya tona asirin waɗanda suka ƙi fita Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira: "Da sun yi nufin fita, da sun yi masa tanadi." Suratut Tauba ce, aya ta 46. Rashin tanadin ne ya ba da shaida a kansu.

Kuma kada ka ce wannan sai munafukai. Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, mumini ne na gaske, kuma a lokacin abin hawa biyu gare shi. Da bakinsa ya faɗa cewa yakan fita da safe don ya shirya, ya dawo bai ƙulla komai ba, yana ce wa ransa ai zai iya in ya so. Yana cikin haka runduna ta yi nisa. Bayan rundunar ta dawo, kwana 50 ya yi ba mai ce masa uffan a Madina, ƙasa duk faɗinta ta yi masa ƙunci, kafin Allah Ya saukar da karɓar tubarsa.