Aikin NDLEA Bai Tsaya Ga Kame Ba

Mutane da yawa a Abuja suna ɗauka cewa kuɗin da gwamnatin tarayya take ware wa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa (NDLEA) na kama dillalan ƙwaya ne kaɗai, alhali ba haka abin yake ba. Dokar da ta kafa hukumar a 1989 ta ɗora mata wayar da kan jama'a da kula da waɗanda shaye-shaye ya kama, shi ya sa take da cibiyoyin gyaran hali. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka (UNODC) ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, adadin da gidajen yarin ƙasar ba za su taɓa ɗauka ba, don haka ɓangaren jinya ne, a ganina, ya fi buƙatar ƙarin kuɗi.