Wasan da na hana kwanrod

A Samarun Zariya na sayi babur ɗin, tsohon Yamaha DT 125, irin wanda malaman gona ke shiga ƙauyuka da shi a da: doguwar ƙafa, taya mai haƙora, salansa a ɗage sama. Don zuwa gona ta wajen Shika na saye shi, inda damina ke mayar da hanya kunu. Aibinsa ɗaya, injin yana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Hutu ne, makaranta a rufe, ga data a waya. Na kalli bidiyo uku a YouTube, na ji a raina na zama bakanike. Na shimfiɗa buhu a zaure, na ari farantan uwargida ba da saninta ba na zuba notuna. Kwana biyu ina fama kafin kwanon injin ya rabu gida biyu, kiranshaf ya fito.

Wanda bai taɓa gani ba, faya-fayan ƙarfe ne guda biyu masu nauyi, an haɗa su da wani fin mai kauri. A kan fin ɗin kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf, yake juyawa bisa boris mai allurai, da washa siririya ta kowane gefe. Na kama kwanrod na tura dama, ya tafi. Na turo hagu, ya dawo, har da 'yar ƙara, ƙis. Na ce alhamdu lillahi, na kama ɓarawo.

Na naɗe shi a tsumma sai Sabon Gari, wurin wani dattijo mai injin matsa ƙarfe. Bai ko kalli abin da nake nuna masa ba. Ya riƙe kwanrod ya ja sama, ya danna ƙasa, ya sake, yana kasa kunne kamar mai duba mara lafiya.

"Malam, kiranshaf ɗinka lafiya lau. Wasan gefe halal ne. Na sama da ƙasa shi ne haram, kuma babu shi. Boris ɗin da ke riƙe shi a cikin kwano su suka mutu, su za ka canza."

Na ce, "Baba, shekara 14 ina koyar da lissafi. Duk inda aka ga rata, kuskure ne. A matse."

Ya dube ni, ya dubi yaransa. Ya ce, "To, babur ɗinka ne, kuɗinka ne." Ya ɗora a injin ya matse har ratar ta ɓace. Na taɓa kwanrod na ji shi ƙam, sai an tura shi da ƙarfi yake juyawa. Daɗi ya kama ni, har na ƙara wa yaran na shayi.

Na haɗa inji da sababbin boris, noti biyu suka yi saura, na ce na kyauta ne. Bugu uku ya tashi, kuma wallahi babu ƙarar nan. Na leƙa cikin gida na ce wa uwargida ta fito ta ga aikin ilimi.

Daga Tudun Wada na nufi Wusasa. Ina hango dutsen Kufena, iska na kaɗa mini riga, na ƙara wuta. Sai na ji wani ƙiii, tayar baya ta ƙame tana jan ƙasa. Allah ya sa na damƙe kuloci, na gangara cikin masarar wani bawan Allah. Na hau kan kik da ƙafa biyu, ko gezau.

Babur ɗin ya haura kilo 100, ban san haka ba sai ranar. Duk ɗan acaɓar da ya wuce sai ya rage gudu: "Malam, mai ne ya ƙare?" Na riƙa cewa e, don ya fi sauƙin bayani. Bayan isha'i na iso gida. Uwargida ta dube ni daga hula zuwa takalmi ta ce, "Sannu da ilimi, Malam. Ina farantaina?"

Da na sake farkewa, gindin kwanrod ya koma shuɗi, washar nan ta narke ta manne. Na koma Sabon Gari kaina a ƙasa. Dattijon bai yi dariya ba, yaransa ne suka yi masa. Ya ce ƙarfe idan ya ɗauki zafi kumbura yake. Kuma irin wannan injin ba ya iyo a cikin baƙin mai, ɗan man da ke biyo fetur shi ke shiga ta ratar nan ya jiƙa boris. Ni na toshe ƙofar mai, na kuma hana ƙarfe wurin miƙe ƙafa.

Ya sa sabon kwanrod da fin da washa, ya matsa a hankali, sannan ya zaro fila geji, 'yan ƙarafan awo masu kama da reza. Ya zura mai lamba 0.4, ta shige da ɗan ja. Kaurin takardar jarrabawa huɗu ke nan. Ya ce kowane babur da adadinsa a littafinsa, amma duk ba sa kai milimita ɗaya. Daga nan ya ɗora kiranshaf a kan ma'auni mai agogo, yana juyawa yana ɗan bugu da gudumar tagulla har allurar ta daina rawa.

Na nemi tsohon kwanrod ɗin in tafi da shi, ya hana. Yanzu haka yana rataye a ƙusa a bakin shagon, kuma duk sabon yaron da aka kawo koyon aiki, da shi ake fara masa karatu. Sandar malamin lissafi suke ce masa.